Golan da Aka Bari a Rogo

Shekara goma sha ɗaya Ɗanmaliki ya yi yana tsaron ragar Zakarun Masaƙa, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta wani kamfanin saƙa da ke Kano. Duk tsawon shekarun nan ƙungiyar ba ta taɓa leƙa wasan ƙarshe na babban kofin ƙasa ba sai a 1988, kuma shi ya kai ta, a bakin ƙafarsa. Saura minti biyu a tashi wasan kusa da na ƙarshe a Kaduna, suna da ci ɗaya abokan karawarsu na nema, sai wani ɗan gaba ya ɓalle shi kaɗai ya nufo raga. Ɗanmaliki ya fito ya zube a gabansa ya rungume ƙwallon. Ƙwallo dai ta riƙu, amma mutumin ya faɗo da duk nauyinsa a kan ƙwaurinsa na dama. Har 'yan kallon da ke bayan raga sai da suka ji ƙarar ƙashi.

Mako biyu ya yi a asibiti, aka sallame shi da filasta tun daga cinya har idon sawu, da sanduna biyu na dogarawa. Sai kuma wurin jinya ya zama aiki. Ɗakin da yake haya a saman bene yake. Matarsa Khadijatu ta haifi 'yarsu ta fari, tana wanka a gidan iyayenta a Fagge, kuma ba a ga namijin da zai je ya miƙe ƙafa a gidan surukai ba. Don haka ya ce a kai shi gida, Rogo Sabon Gari, inda ba wanda ya rage a gidan mahaifinsa sai ƙanwar uban, Gwaggo Yelwa.

Sakataren ƙungiyar da kansa ya rako shi. Da zai koma, ya dafa kafaɗarsa a bakin zaure ya ce, "Kai ka kai mu, ba za mu je wasan ƙarshe a Legas babu kai ba. Ranar Alhamis kafin wasan, mota za ta zo ta ɗauke ka. Ko a benci ne sai ka zauna."

Ɗanmaliki ya riƙe wannan magana kamar laya.

Yana da shekara goma sha huɗu ya bar Rogo, ga shi ya dawo yana da talatin da biyu. Kwana ukun farko an yi ta shigowa dubiya, ana sannu, ana Allah ya kiyaye gaba. Bayan nan ƙafa ta ɗauke. Ba ƙiyayya ba ce, kaka ce ta shigo. Sa'o'insa duk suna gona, masu yankan dawa na yi, masu saran rake na yi, kuma ko sun zo hirarsu ba ta haɗuwa da tasa. Su taki da farashin buhu, shi kuwa abin da ya sani bai wuce faɗin raga ba. Wani abokinsa na ƙuruciya ma ya tambaye shi, da zuciya ɗaya, "To yanzu da ka karye, sai ka nemi sana'a ke nan?"

Gwaggo Yelwa kuwa kunnenta ya yi nauyi, kuma ba ta taɓa ganin filin ƙwallo ba. A wurinta ɗan yayanta ma'aikacin masaƙa ne da ya ji ciwo wajen wasa da abokai. Tana dama masa kunu da safe, ta dafa masa ƙafar saniya ranar kasuwa don ƙashi ya yi ƙwari, sauran yini kuma tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Shi yana zaure a kan tabarma, ƙafa a miƙe bisa matashi, yana jin kukan kurciya da wucewar amalanke. Mutumin da ya saba dubban mutane na kiran sunansa, sai ga shi yana iya yin yini guda ba a ce masa komai ba sai "ga abinci".

Abin da ya rage masa shi ne tunanin wasan. 'Yan Katako za su kara da su, ƙungiyar wani kamfanin katako daga kudu, kuma ya san su kamar yunwar cikinsa. Wanda zai tsaya a madadinsa Jibo ne, gola na biyu, mutumin Gumel, dogo mai sanyin hali, wanda ya shekara huɗu a benci yana jiran ranar da ba ta zo ba. Jibo yana da hannu, amma bai taɓa tsayawa gaban taro irin na Legas ba. Ɗanmaliki ya nemi takarda ya cika shafi biyu. Ya gaya masa wanda ke bugun kwana da yadda ƙwallonsa ke lanƙwasa, ya gaya masa kada ya fito wa mai lamba tara da wuri. A ƙarshe ya rubuta da manyan baƙi: idan aka kai ga fanareti, kyaftin ɗinsu hagun gola yake bugawa, sau uku na tsaya a gabansa, sau ukun hagu. Ya ba Sulle, direban da ke kai rake Kano, ya roƙe shi ya miƙa a ƙofar masaƙa.

Ranar Laraba ya sa Gwaggo ta wanke masa rigar ƙungiya, kore da fari. Ya farke ƙafar wando guda don filastar ta shiga. Alhamis tun da hantsi ya fito bakin hanya ya zauna a gindin wani darbejiya, jaka a gefensa. Duk ƙurar da ta taso daga nesa sai ya gyara zama. Motocin rake suka wuce, akori-kura suka wuce, har wata farar fijo ta rage gudu, ashe hanyar gidan dagaci take tambaya. Nan ya yi azahar a zaune, nan ya yi la'asar. Da rana ta yi ja ya koma gida.

"Ba su zo ba?" in ji Gwaggo.

"Wataƙila motar ce ta lalace. Gobe."

"Me ka ce?"

"Gobe, Gwaggo!"

Juma'a ma ya fita, duk da ya san ko motar ta zo ba za ta kai Legas a kan lokaci ba. Da aka sauko masallaci bai koma gindin darbejiyar ba. Ya shige ɗaki ya cire rigar, ya ninke ta ya mayar jaka.

Asabar, ranar wasan, ya tashi da niyyar ko rediyo ba zai kunna ba. Amma kafin azahar ya tsinci kansa yana sa tsohon kaftani. Ya ji an ce Malam Aƙilu, hedimastan wata firamare a Karaye, yana da talabijin mai aiki da batirin mota, kuma ba ya hana kowa kallo. Ya samu akori-kura, aka ɗora shi a baya tsakanin buhunan masara, ya riƙe ƙafar da hannu biyu duk inda motar ta faɗa rami.

Ya tarar an fito da talabijin ɗin ƙofar gida, an ɗora a kan teburin makaranta ƙarƙashin rumfa, an ɗaure eriya a kan doguwar gora. Mutane sun kai sittin, malamai da ma'aikatan sakatariya da 'yan kasuwa. Saboda ƙafarsa bai iya kutsawa ba, sai ya samu ƙarshen wani benci can baya. An kashe muryar talabijin saboda Turanci ake yi, an kunna rediyo mai sharhi da Hausa. Ba wanda ya dube shi sau biyu. A wurinsu shi wani gurgu ne kawai daga ƙauye.

Da 'yan wasa suka fito ya gane kowa da tafiyarsa, duk da hoton baƙi da fari ne kuma yana yayyafi. Ga Jibo a sahun ƙarshe, sanye da safar hannu. Mai sharhi ya jero sunaye goma sha ɗaya, ya ce Jibo ne a raga, ya wuce.

Wani mai ƙiba da ke zaune gabansa, da alama ma'aikacin sakatariya ne, ya juya ga na kusa da shi ya ce, "Ni fa karayar tsohon golan nan alheri ce. Ya tsufa, ƙafarsa ta yi nauyi. Da shi ne yau, sai an ɗura mana uku."

"Kai, ka ji tsoron Allah, shi fa ya kawo su."

"Ya kawo su, ya gama nasa. Ai ba a cin tuwon jiya da miyar yau."

Ɗanmaliki ya sunkuyar da kai yana kallon filastarsa, wadda ta yi jawur da ƙasar Rogo. Bai ji haushin mutumin ba sosai. Abin da ya dame shi, shi ma ya sha raya hakan a zaure.

Aka take wasa. 'Yan Katako suka taso kamar ambaliyar ruwa, kuma a minti na ashirin aka buga kwana, Jibo ya fito ya yi tsalle bai taɓa komai ba, aka sa kai ƙwallo ta shige raga. Wurin ya yi tsit. Ɗanmaliki ya ji wani abu ya ratsa ƙirjinsa, kuma da ya duba abin da kyau sai ya ga ba baƙin ciki ba ne zalla. Akwai ɗan daɗi a ciki, ƙanƙane, mai ɗumi. Da ni ne da na cafe ta. Ya yi istigfari a ransa, ya sake yi, amma daɗin bai tafi da sauri ba.

Bayan hutun rabin lokaci Zakarun Masaƙa suka farke. Mutane suka miƙe, benci ya ɗaga, saura kaɗan ya kifa da shi. Daga nan Jibo ya zama wani mutum daban. Ya ture wata da yatsu ta haye ƙarfen raga, ya tare wata da ƙafa yana kwance. Ɗanmaliki ya manta da kansa, jikinsa na karkata duk inda ƙwallo ta nufa, hannuwansa na buɗewa da rufewa a kan cinyoyinsa. Aka cika lokaci kunnen doki, aka yi ƙarin rabin awa, ba ta sake zani ba. Alƙalin wasa ya nuna fanareti.

A lokacin batirin ya fara gajiya. Hoton ya dinga tsukewa daga gefe da gefe har ya koma kamar faɗin littafi a tsakiyar gilashin. Mutane suka matsa gaba suka dunƙule, suka toshe masa gani. Ya jawo sandunansa ya miƙe tsaye, yana leƙe ta tsakanin huluna.

Aka buga huɗu-huɗu, kowa ya ci nasa. Zakaru suka ci na biyar. Saura ɗaya, kuma ga kyaftin ɗin 'Yan Katako yana tahowa da ƙwallo a hammata, da wannan tafiyar tasa ta ƙasaita da Ɗanmaliki ya sani.

"Hagu!" Muryarsa ta fita ba shiri, irin muryar da ake ji daga raga zuwa raga. "Jibo, hagu! Hagunka!"

Mutane suka waiwayo. Kyaftin ɗin ya ja da baya, ya sheƙo, ya buga. Jibo ya faɗi dama. Ƙwallon ma dama ta nufa, ta daki tafin hannunsa ta fita waje.

Ƙofar gidan ta rikice. Aka yi ta kabbara, ana rungumar juna, wani ya cire hula ya jefa sama, samari suka kwasa a guje cikin gari suna kiran sunan Jibo. Mai ƙibar nan ya juyo yana dariya har da hawaye, ya ce wa Ɗanmaliki, "Malam, Allah ya so ba ya jin ka! Da ka kashe mu!" Ya buga masa kafaɗa cikin raha, ya wuce.

Ɗanmaliki ya koma ya zauna. A ɗan hoton da ya rage ya ga abokansa sun ɗaga Jibo sama. Ya ga koci yana kuka. Ya ga sakatare yana rawa da babbar riga. Kafin a miƙa kofin batirin ya ƙarasa mutuwa, gilashin ya yi duhu. Ya yi murna, wannan ba ƙarya ba ne, har idonsa ya cika. Amma a ƙarƙashin murnar akwai abin da ya gane sarai: da shi ne a ragar, hagu zai faɗi, kuma da yanzu ana can ana ci gaba da bugawa.

Aka kira magariba, wurin ya watse. Malam Aƙilu yana naɗe waya sai ya lura da shi, ya matso. Dattijo ne siriri mai furfura a gemu.

"Sannu bawan Allah. Daga ina?"

"Daga Rogo, Malam."

Hedimastan ya dubi ƙafar, ya dubi manyan hannuwan da yatsunsu suka karkace.

"Wanda ya kira ɗan wasa da sunansa haka, ba a rediyo ya san shi ba. Kai ne Ɗanmaliki?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Innalillahi! A ƙofar gidana, a ƙarshen benci? Bari in sa a kira mutanen nan, wallahi sai sun dawo sun gaishe ka."

"Don Allah Malam, a bar su. Ranar Jibo ce."

"Amma me ya hana su tafiya da kai?"

"Hidima ta yi musu yawa," in ji Ɗanmaliki. "Tafiyar Legas ba wasa ba ce."

Malam Aƙilu bai ƙara tambaya ba. Ya kawo masa buta, suka yi salla tare, shi a tsaye baƙon a zaune. Ya so ya tsayar da shi cin abinci, Ɗanmaliki ya ce tsohuwa na jiransa. Hedimastan ya raka shi tasha da kansa, ya sa aka ba shi gaban mota.

Ya tarar da Gwaggo Yelwa a bakin zaure da fitila.

"Ina ka shiga da wannan ƙafar?"

"Karaye. Kallon wasanmu."

"An ci?"

"An ci, Gwaggo."

"To madalla. Tuwonka na nan a rufe."

Bayan wata guda ya koma asibiti a Kano aka cire filastar. Ƙashin ya haɗe, amma ƙafar ta ɗan gajarta, kuma likita bai ɓoye masa ba: tafiya za ta yiwu, noma ma zai yiwu, tsalle kuwa ya ƙare. Daga asibitin ya wuce filin masaƙa, ya tarar ana atisaye. Da 'yan wasan suka hango shi suka sheƙo gaba ɗaya, suka kewaye shi, wannan ya rungume, wancan ya ja hannu. Jibo ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Yaya, wallahi kofin nan naka ne." Ɗanmaliki ya ɗago shi ya ce, "Naka ne, ka tare abin da ya fi ƙarfina." Ya so ya tambaye shi ko takardar ta iso, sai ya ga ko wace amsa aka ba shi ba za ta yi masa daɗi ba, ya bar ta. Ba a yi minti biyar ba koci ya busa usur, suka ce masa yanzu za su dawo, suka ruga. Ya tsaya a bakin layi yana kallon bayansu.

Sakatare ya karɓe shi a ofis da fara'a da ban haƙuri. Ya ce direban da aka sa ne aka tura ɗauko manyan kamfani, kowa kuma ya zaci wani ya aika. Ya ce kamfani zai ba shi aikin gadi ko sito idan yana so. Kofin yana kan kabad, an ɗaura masa ƙyalle kore da fari. Ɗanmaliki ya ɗauke shi da hannu biyu, ya juya shi, ya ga fuskarsa a jiki ta yi faɗi, ya mayar. Ya yi godiya, ya ce zai koma gida, akwai fadamar mahaifinsa da ta shekara goma a hannun aro.

Washegari ya kwashe kayan ɗakinsa, ya je Fagge ya gaida surukai, ya ɗauki Khadijatu da jaririyar, Habiba. A tasha, ana ɗaure katifa a saman mota, Khadijatu ta dube shi ta ce, "Ka ga kofin kuwa?"

"Na gani."

"Yaya yake?"

"Bai kai girman da na zata ba," ya ce. Ya karɓi yarinyar don uwar ta samu hawa.

A Rogo ya zauna. Shekarar farko raken bai yi kyau ba, don bai san lokacin ban ruwa ba kuma yana jin nauyin tambaya. Ta biyu ya tambaya, ya yi kyau. A hankali aka daina ce masa mai ƙwallo, aka koma Ɗanmaliki mai rake. Jibo ya yi suna, har jaridu suna buga hotonsa, kuma sau biyu ya aiko da gaisuwa ta bakin direbobi. Zakarun Masaƙa ba su sake zuwa wasan ƙarshe ba, bayan 'yan shekaru ma masaƙar ta rage ma'aikata ta sallami ƙungiyar. Labarin ya iske shi a fadama, wani mai sayen rake ne ya faɗa a cikin hira. Ɗanmaliki ya ce Allah sarki, ya tambayi mutumin dami nawa yake so.